Awon Ƙwarin Ƙasa daga Bebeji zuwa Doguwa

Litinin: Kano zuwa Bebeji

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka fito daga gida, ni da yayana Mudi. An yi ruwa kafin kiran sallar fari, kwalta tana sheƙi, gari shiru sai kukan kwaɗi. Na bar 'ya'yana biyu suna barci a ɗakin mahaifiyarmu. Mai gidana ya rako mu bakin titi, ya ɗora mana buhu a adaidaita sahu. A cikin buhun akwai kofunan roba arba'in, da ƙaramar fartanya, da kwalabe, da wani ma'aunin ƙarfe mai baki kamar sifana wanda na aro a makaranta.

Sunana Rabi. Malamar kimiyya ce ni a wata sakandaren 'yan mata. Na ɗauki hutun shekara guda don in ƙarasa digiri na biyu, kuma saura wata biyu hutun ya ƙare. Aikin da aka ba ni shi ne awon wani baƙin ƙwaro mai yawo a ƙasa, wanda ba ya tashi sama, sai dai gudu. Da rana yakan ɓuya ƙarƙashin dutse ko busasshen ganye, idan rana ta faɗi ya fito farautar tsutsa. Zan kamo shi a wurare huɗu, daga Bebeji ina yin kudu har Doguwa, in auna mazan in auna matan, in ga ko bambancin girman da ke tsakaninsu yana canjawa daga gari zuwa gari. Malamin da ke duba aikina ya ce yana sa ran matan su fi mazan tsawo a ko'ina, kuma tazarar ta ƙaru inda ruwan sama ya fi yawa, wato can kudu wajen Doguwa. Ya kuma ce in hanzarta, don da zarar damina ta ɗauke ƙwarin kan shige ƙasa, sai kuma baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi, makaranta ba za ta ƙara mini ko mako ba.

Mai gidana bai samu hutu a wurin aiki ba, shi ya sa Yaya Mudi, wanda tela ne, ya rufe shagonsa na kwana biyar ya rako ni. Bai ɓoye ra'ayinsa ba. Muna zaune a ƙaramar bas a tasha ana jiran mutum biyu, ya dube ni ya ce, "Rabi, duk faɗin duniya a rasa abin aunawa sai ƙwaro?"

Na ce, "Yaya, shi ma halitta ne."

Ya ce, "Ban ce ba halitta ba ne. Cewa na yi ba ya ɗinka riga."

Shida saura minti goma motar ta tashi. Da muka wuce Kura gari ya fara wayewa, gonakin shinkafa cike da ruwa, sama ta faɗo cikinsu gaba ɗaya, har ba ka iya cewa ga inda gona ta ƙare gajimare ya soma. Balbelu na tsaye a tsakiya, ba sa motsi. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga kamar motar ma a kan ruwan take tafiya.

Birki ne ya tashe ni. Shingen jami'an tsaro ne, ɗaya daga cikinsu ya buɗe buhuna ya ɗago kofi. "Hajiya, kunu za a sayar?" Na yi masa bayani. Ya tsaya yana kallona, sannan ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Suka yi dariya, suka ce Allah ya ba da sa'a.

Ƙarfe bakwai da rabi muka sauka a Bebeji, a gidan Baba Ɗanjuma, abokin marigayi mahaifinmu. Tsoho ne dogo, mai magana a hankali. Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ni ma na durƙusa daga gefe, ya yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo mana waina da miyar taushe. Bayan la'asar ya kai mu gonarsa ta dawa, na haƙa ramuka goma a gefen kunya, na binne kofunan bakinsu daidai da ƙasa, na kifa ganye a kan kowanne. Ƙwaro na cikin gudunsa sai ya rufta, ba ya iya hawowa.

Baba Ɗanjuma ya tsaya yana kallo, hannuwansa a baya. Ya ce, "Wannan baƙin mai warin? Shekara sittin ina tuntuɓe da shi a gonar nan. Ashe yana da mace da namiji da za a iya ganewa?"

Talata: Bebeji zuwa Yako

Da sassafe muka koma gonar, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Ƙasa tana fitar da wani tururi fari, karan dawa kamar a tsaye suke a cikin madara. Na ɗaga ganyen farko. Uku ne a ciki, baƙaƙe wuluk, suna zagaya gindin kofin.

Na shimfiɗa tabarma a gindin dorawa na nuna wa Baba yadda ake bambanta su. Idan ka duba ƙafafun gaba da gilashin ƙara girma, na namiji suna da faɗi, da wani gashi mai laushi kamar buroshi, na mace kuwa sirara ne. Tsohon ya kanga gilashin a idonsa ya duba ƙafafun. Can ya ce, "Ikon Allah. Har da safa aka yi masa."

Na auna su daga kai zuwa ƙarshen baya. Mazan kamar ƙwallon dabino ƙarami, matan sun ɗara su a fili, ko ba ma'auni ido zai gani. Na rubuta, na zuba su a kwalba mai ruwan da ke hana su ruɓewa, na liƙa sunan garin. Zuciyata ta yi sanyi, abin da malamina ya faɗa shi nake gani. Yaya Mudi kuwa yana can gefe yana cin ɗanyar gyaɗa da Baba ya tuge masa.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka hau babura biyu zuwa Yako, a ƙasar Ƙiru. Hanyar duk taɓo ce, sau biyu muna sauka mu taka da ƙafa. Mai babur ɗina ya ce, "Malama, riƙe buhun nan da kyau, gaba akwai rafi." Rafin bai kai gwiwa ba, ruwansa ja, wasu mata na wanki a bakinsa, suka ɗago suka yi mana sannu kamar sun san mu.

A Yako gwaggonmu Hanne take aure, ƙanwar mahaifinmu. Rabona da gidanta tun ina aji uku na firamare. Bishiyar gwandar da na sani a tsakar gida babu ita, amma rumbun yana nan, da dutsen niƙa da nake zama a kai. Ta rungume ni tana cewa, "Rabi ce ta zama wannan? Kai, Mudi, ka ga har ta kusa fin ka." Ta dama mana fura da nono mai sanyi, ta ɗora tuwon masara.

Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta riƙe haɓa. "To, su wa suka fi girma?"

Na ce, "Matan, Gwaggo. Su ne ke ɗaukar ƙwai."

Ta juya wajen mijinta da ke gyaran igiya a bakin zaure ta ce, "Malam, ka ji ko?" Shi kuwa bai ɗago ba, ya ce ya ji, kuma shi bai taɓa musu ba.

Na binne kofunan a bayan gari, tsakanin gonar wake da wata tsohuwar rijiya. Kafin magariba na zauna a kan dutsen niƙan nan, hayaƙin murhu yana tashi a miƙe, awaki na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan lumshe ido na ji kamar muryar mahaifinmu a zaure yana tambayar ko an ba ni abinci.

Laraba: Kafin Maiyaƙi zuwa Tudun Wada

Kamun Yako ya yi kyau. Ƙwarin sun ɗan fi na Bebeji cika, matan har yanzu suna gaba, sai dai na lura tazarar ba ta ƙaru ba, kamar ma ta ɗan ragu. Na ce a raina wataƙila idona ne.

Ƙarfe tara babura suka sauke mu a Kafin Maiyaƙi. Gari ne na ciniki, buhuna jibge a bakin hanya, masu babura na ta kiran fasinja. Muka sayi dafaffiyar masara da ƙosai, muka samu wata tsohuwar mota mai zuwa Tudun Wada. Direban, wani mai fara'a da hula a karkace, ya ɗaure buhuna a baya tare da buhunan taki. Ya ce, "Ku yi addu'a mu riga hadarin can." Na waiga, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Ba mu riga shi ba. Ruwan ya same mu a hanya, gilashin gaba ya zama kamar labule, direba ya rage gudu har kamar ba tafiya muke ba. Wata mata a gefena ta jingina kanta a kafaɗata ta yi barci, ban ko san sunanta ba, ni ma ban motsa ba har muka iso ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Mun sauka a gidan wata malama da muka yi karatu tare. Ruwa ya ɗauke bayan azahar, na samu na binne kofunan a wani tudu kusa da gonakin shinkafa. Na sani ƙasar a jiƙe take sosai, amma ba ni da wani zaɓi.

Alhamis: Tudun Wada zuwa Doguwa

An sake yin ruwa kafin asuba. Da muka je, kofuna bakwai sun cika taf da ruwa da laka, ɗaya ma da ƙaramin kwaɗo zaune a ciki yana kallona. Uku ne kawai suka tsira, kuma abin da na samu a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Na auna su haka nan. Namiji ɗaya a cikinsu ya kusa kamo matan. Na sake duba ƙafafunsa har sau uku, namiji ne.

Yaya Mudi ne ya wanke kofunan a bakin gona, ban sa shi ba. Bai yi tsokana ba ranar.

Ƙarfe goma muka hau motar Doguwa. Bayan an bar gari kaɗan sai ƙasa ta fara canjawa, gonaki suka ja baya, itatuwa suka matso. A dajin Falgore hanya ta shiga cikin kore, inuwa da haske suna bi ta kan fuskokinmu. Akwai shinge a bakin dajin, aka leƙa aka ce mu wuce. Direba ya kashe rediyo, ya ce shi a nan ba ya son hayaniya. Wani biri ya tsallaka titi da ɗansa manne a ciki, bai ko kalle mu ba. Da muka fito sai ga duwatsu daga nesa, shuɗaye, kawunansu a cikin gajimare, kamar ba a kan ƙasa suke zaune ba.

Sha biyu da kwata muka sauka a Doguwa. Iskar garin sanyi gare ta. Muka je muka gaida mai unguwa, na nuna masa takardar makaranta, ya ba mu masauki a gidansa, ya kuma ce akwai fili a gindin dutse, tafiyar rabin awa a babur, kusa da wata ruga. Bayan la'asar na binne duk kofuna arba'in ɗin a can, don nan ne zangon ƙarshe, kuma nan ne aikin ya fi dogara.

Juma'a: gindin dutse

Mun isa ƙarfe shida da rabi. Tun daga nesa na ga sawun kofato. Garken shanu ya bi ta wurin zuwa mashaya, ya tattake filin gaba ɗaya. Kofunan sun farfashe, wasu sun nutse cikin taɓo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ko ƙwaro ɗaya. Na zauna a kan wani dutse, ban yi kuka ba. Shekara guda nake gani tana wucewa.

Muna nan sai ga wata dattijuwa ta taho daga rugar da ƙwaryar nono a ka. Siririya ce, fara, da zane baƙi. Ta tsaya ta gaishe mu da Hausa mai ɗan karin Fillanci, ta ce sunanta Inna Jumma, kuma shanun nasu ne. Yaya ya rusuna ya yi mata bayani. Ta ɗauki fasasshen kofi ta jujjuya, ta ce, "Ayya, 'yata, ku yi haƙuri. Da kun zo ruga kun faɗa, da an kauce." Ta ce in nuna mata abin da nake nema. Na ciro kwalbar Bebeji.

Ta yi murmushi. "Wannan ne? Ai ba sai kin yi masa rami ba. Taho."

Ta sauke ƙwaryar a inuwa, muka bi ta. Ta kai mu bayan tsohon mashekarin shanu, inda busasshen kashin shanu ya yi faifai-faifai a kan ciyawa, ga ƙananan duwatsu birjik. Ta sa sanda ta ɗaga ɗaya, baƙaƙe biyu suka fita a guje. Ta ɗaga wani, ga uku. Ta ce tun tana yarinya zabinsu nan suke kiwo, a wurin zabin ta koyi inda ƙwarin suke ɓuya. Duk abin da ta ɗaga sai ta mayar da shi yadda ta same shi, ta ce gidan wani ne.

Awa biyu muka yi muna bin su, ni da Yaya a durƙushe da kofi a hannu, ita tana ɗagawa tana nunawa. Gajimare ya sauko daga kan dutsen ya rufe mu, har ban iya ganin komai sai zanenta da ƙaho ɗaya na wata saniya da ke kwance. Muryoyinmu ma kamar daga nesa suke zuwa. Na manta da makaranta, na manta da ranar mako.

Da rana ta fito na shimfiɗa tabarma na fara awo. Nan murnata ta koma ciki. Mazan Doguwa dogaye ne, tsawonsu ɗaya da matan, wasu har sun ɗan wuce. Wannan kishiyar abin da malamina ya ce ne. Na shiga zargin kaina: ko dai tun Bebeji kuskure nake yi wajen gane mace da namiji? Ko kuwa wannan wani iri ne daban, aikin kwana biyar ya tashi a banza? Na ajiye ma'aunin.

Yaya Mudi ya tsuguna, ya jera guda shida a kan murfin kwalba, ya daɗe yana kallo. Ya nuna da tsinke. "Wannan mace ce, wannan ma, da wannan. Sauran maza." Na duba ƙafafunsu da gilashi. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Na ce, "Yaya, ta yaya?"

Ya ce, "Ke tun Talata tsawo kawai nake ganin kina ɗauka. Idan na auna mutum daga kafaɗa zuwa ƙafa na tsaya, na yanka yadi, me zan ɗinka? Dubi bayansu. Mazan nan sun yi tsawo, amma a tsuke suke. Matan a buɗe."

Na ɗauki ma'aunin na juya shi a kwance. Haka ne. Kowace mace ta fi kowane namiji faɗin baya. Iri ɗaya ne da na Bebeji, kuma ban yi kuskure ba, bambancin ne ya bar tsawo ya tsaya a faɗi.

Inna Jumma tana zaune tana kallonmu. Na tambaye ta ko me take gani ya sa mazan nan suka yi tsawo. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma a gona komai kusa yake, nan kuwa tsakanin dutse da dutse tafiya ce, wanda zai nemi mata sai ya miƙe ƙafa. Ban sani ba ko haka ne. Na rubuta shi a matsayin tambaya, na sa sunanta a gefe.

Ta zuba mana nono a ƙoƙo, mai kauri, da ɗan tsami. Ta ƙi karɓar komai, ta ce shanunta ne suka yi ɓarna. Muka yi sallama, ta ɗora ƙwaryarta ta nufi gari. Yaya ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana.

Komawa gida

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a muka yi wa mai unguwa godiya, ƙarfe uku muka samu mota mai zuwa Kano kai tsaye. Na rungume jakar kwalaben a cinyata. Duk sanda na rufe ido sai in ga baƙaƙen abubuwa suna gudu a cikin ciyawa. A Kwanar Dangora direba ya tsaya aka yi la'asar, muka sayi tsire da rake na tsaraba. Ana kiran magariba muka shigo unguwa, yaran suka taho da gudu, ƙaramar tana tambaya ko na kawo mata ƙwaro mai rai.

Washegari na sake auna duk na cikin kwalaben, wannan karon har da faɗi. A garuruwan huɗu matan sun fi faɗi, amma fifikon tsawonsu yana raguwa ana yin kudu, har ya ɓace a Doguwa. Na kai wa malamina ina ɗari-ɗari. Ya cire tabarau, ya sake dubawa, ya ce, "Ba abin da na zata ba ne. Rubuta abin da kika gani." Na miƙa aikin saura kwana tara hutuna ya ƙare.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Baba Ɗanjuma da Gwaggo Hanne, da ƙawata ta Tudun Wada, da mai unguwar da ya sauke baƙin da bai sani ba, da direbobi da masu baburan da suka yi haƙuri da buhuna. Inna Jumma kuwa ba za ta karanta wannan ba, don haka muka yi shawara da Yaya, na sayi atamfa shuɗiya ya ɗinka mata riga da zane, muka ba wani direban Doguwa ya kai wa mai unguwa. Bayan mako biyu direban ya kira ni. Ya ce saƙo ya isa hannunta, ta sa rigar ranar kasuwa. Ta ce a gaya wa 'yarta zabin sun yi ƙyanƙyasa, kuma duwatsun suna nan yadda muka bar su.